Zauren Lantarki: Tambayoyinku Kan Haɗa Fawa Ta Rediyon Oba-oba a Gida

A wannan fitowa mun tattara wasiƙun masu rediyon sha'awa, wato masu lasisin magana da takwarorinsu na duniya ta iska. Duk tambayoyin sun shafi akwatin da ke bai wa rediyo wuta, wanda masu gyara ke kira fawa.

Assalamu alaikum. Na sayi rediyo ta hannu mai wat 100, amma ba ta zo da fawa ba. Ina da taransifoma mai bolt 12 da regileta 7812. Za su isa in haɗa da kaina? — Mai karatu daga Gusau

Wa alaikumus salam, Malam. Ba za su isa ba, kuma gara ka san dalili kafin ka kashe kuɗi. Irin waɗannan rediyoyi suna son bolt 13.8 na DC. Lokacin sauraro abin da suke ja bai wuce amfiya 1 zuwa 2 ba, amma da ka danna makirufo sai ya haura 20. Icom IC-7300 tana jan amfiya 21, Yaesu FT-891 kuma 23. Ita 7812 iyakarta amfiya 1 zuwa 1.5. Taransifoma mai bolt 12 kuwa, bayan dayod da kafasita, za ta nuna maka kusan 15 a mita, ta faɗi ƙasa da 13 da zarar an ɗora mata nauyi. Regileta rage wuta take yi, ba ta ƙarawa.

Fara da taransifoma mai fitar da bolt 18 na AC. Ƙololuwar wutarta 18 sau 1.41 ne, kusan 25.4. Dayod biyu na burij, wato dayod huɗun da ke mayar da AC zuwa DC, za su ci kamar bolt 2, a bar ka da 23 da 'yan kai. Wajen girmanta ne mutane suka fi yin kuskure. Kafasita ba a hankali take zuƙar wuta ba, fizga take yi a ƙololuwar kowane zagaye, don haka wayar taransifoma tana ɗaukar kusan ninki 1.8 na abin da kake fitarwa. Amfiya 20 a bakin fitar fawa na nufin kusan 36 a cikin naɗi, wato VA 650 (bolt 18 sau amfiya 36). Idan magana kawai za ka riƙa yi ta SSB, inda wuta ke hawa da sauka da murya, mai VA 500 za ta ɗauka. Idan FM ne ko FT8 (aika saƙo ta kwamfuta), inda rediyo ke jan wuta ba hutu, kada ka rage.

Burij ka ɗauki KBPC5010, ko aƙalla KBPC3510, ka ɗaure shi a jikin ƙarfen shan zafi, don shi kaɗai yana ƙona kusan wat 40.

Lissafin kafasita ba wuya. Wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, a Nijeriya da Nijar duka, don haka kafasita na samun ciko sau 100 a daƙiƙa, kuma tsakanin ciko da ciko ita ke riƙe da rediyo. Ka ninka amfiya 20 da 0.01, ka raba da bolt ɗin da ka yarda wutar ta sauka, a ce 3. Amsar ita ce kusan 66,000µF. Guda uku masu 22,000µF ke nan, fozitif da fozitif, negatif da negatif, masu bolt 35 ko sama, kuma ka nemi masu rubutun 105°C. Ka sa rezista mai om 470, wat 5, tsakanin ƙafafunsu don ta riƙa zuƙe wutar in an kashe. Kafasita mai wannan girma tana iya narka bakin sukudireba.

Mai daidaita wutar ita ce IC mai suna LM723, tsohuwa ce amma har yau ita ce a cikin fawa da yawa na kanti. A mai ƙafa 14, ƙafa ta 6 tana ba da ma'auni na kusan bolt 7.15, ka kai shi ƙafa ta 5 ta rezista 1.5k. Daga bakin fita na fozitif ka jera rezista 2.7k, firiset (rezista mai murɗawa) 1k, sai 3.3k zuwa negatif, ka haɗa ƙafa ta 4 a mahaɗar firiset da 3.3k. Wannan zai ba ka damar murɗawa daga kusan bolt 13 zuwa 15. Ƙafa ta 7 negatif, 11 da 12 su ne shigar wuta, 10 ita ce fita. Tsakanin 13 da 4 ka sa ƙaramar kafasita ta 470pF, in ba haka ba IC ɗin na iya kama rawa da kanta, taransistoci su yi ta zafi ba dalili.

LM723 ba ta wuce miliamfiya 150, saboda haka taransistoci ne za su ɗauki nauyin. Ka sa 2N3055 guda shida a jere, kalekta da kalekta, bes da bes, amma kowace emita da tata rezista mai om 0.15, wat 5. Kada ka tsallake waɗannan rezistoci. Taransistar da ta fi zafi ita ta fi jan wuta, jan wutar ya ƙara mata zafi, haka za ta yi ta kwashe rabon sauran har ta ƙone. Tsakanin IC da su shidan sai direba, wato taransistar da za ta tura su, TIP41C ta isa, ita ma a kan ƙarfe, domin bes ɗinsu gaba ɗaya na iya neman amfiya 1. Ka haɗa ƙafa ta 2 a emitar ɗaya daga cikinsu, ƙafa ta 3 a ɗaya gefen rezistarta. Idan bolt 0.65 ya taru a kan rezistar, IC za ta taka birki, wato a kusan amfiya 4.3 kowace ɗaya, 26 jimla.

Ga wata dabara da ke raba fawa mai kyau da mai gunji. LM723 tana bukatar wutar shigarta ta fi ta fitarta da bolt 3, kuma fitarta dole ta kai kusan 16 kafin ka sami 13.8 a baki, don taransistoci da rezistoci na cin nasu a hanya. Ke nan tana son 19 a kowane lokaci, alhali babbar kafasita na sauka kusa da nan idan an danna makirufo. Sai ka ba ta nata abincin daban: dayod 1N4007 daga babbar kafasita, da kafasita ta 2,200µF a bayan dayod ɗin, daga nan zuwa ƙafa ta 11 da 12. Ƙaramar za ta riƙe ƙololuwa ko babbar ta sauka.

Sai zafi, wanda shi ne ya fi kashe fawa a ƙasarmu. Tsakanin matsakaicin bolt 22 da ke shiga da 13.8 da ke fita akwai kusan 8, sau amfiya 20, wat 160 ke nan da zai zama zafi tsantsa. Kowace taransista wat 27. Daga zuciyarta zuwa murfinta za a sami bambancin digiri 40, maika da farin man shafawa su ƙara kamar 15. Idan ba ka so zuciyar ta wuce 150, to ƙarfen kada ya wuce 95. Yawancin zanen da za ka gani a intanet an yi lissafinsa ne da ɗaki mai digiri 25. Ɗakin kwano a Gusau ko Sakkwato a watan Afrilu yana kai 45, don haka digiri 50 kawai ya rage maka, wato ƙarfe mai 0.3°C a kowane wat. Wannan sai babban alminiyom mai haƙarƙari da fanka mai santimita 12 tana hura shi. Murfin 2N3055 shi ne kalekta, yana ɗauke da wuta, don haka bayan ka ɗaure kowace ɗaya ka gwada da mita ka tabbatar ba ta taɓa ƙarfen ba. Da hunturu kuma a riƙa kaɗe ƙura.

A ɓangaren wutar gida ka sa fiyus mai jinkiri na amfiya 5, ka haɗa jikin akwatin da wayar at, wato wayar ƙasa. Ranar kunnawa ta farko ka sa ƙwan fitila mai zare na wat 100 a tsakiyar wayar shiga, yadda wutar za ta ratsa ta cikinsa kafin ta kai fawa. Ya haska ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske, akwai inda wayoyi suka haɗu, kashe ka duba. Kuma kada rediyo ta zama abin gwaji. Ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55 yana jan kusan amfiya 4.5 zuwa 5. Ka riƙa ƙara su ɗaya bayan ɗaya har huɗu, ka bar su rabin awa, mita na kan baki.

Na haɗa tawa, tana nuna 13.8 daidai. Amma in na fara magana sai hasken rediyo ya dushe, mita ta sauka 11, abokan magana kuma su ce muryata na da gunji. — Mai karatu daga Damagaram

Ɗan'uwa, abu huɗu ne ke kawo wannan, kuma mita za ta nuna maka wanne ne idan ka bi su a jere.

Da farko ka auna a bakin fawa da kuma a bayan rediyo, duka lokacin da ake watsawa. Idan bakin fawa na nan a 13.8 amma bayan rediyo ya faɗi, laifin waya ne ko gidan fiyus. Wayar tagulla mai kaurin 2.5mm², tsawon mita 2, zuwa da dawowa tana cin fiye da rabin bolt a amfiya 20; mai 6mm² kwata kawai take ci. Wayar kasuwa da yawa alminiyom ce aka shafa wa tagulla, kankare ta da wuƙa za ka ga fari, kuma asararta ta fi da kusan kashi 60 cikin ɗari. Taɓa gidan fiyus bayan ka yi magana, in da ɗumi, nan wutarka ke tafiya.

Idan bakin fawa ne da kansa ke faɗuwa, koma kan babbar kafasita. Ƙasa da bolt 19 a lokacin watsawa yana nufin taransifoma ta yi ƙarama, ko kafasita ta bushe, ko wutar gari ce ba ƙarfi. Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare. Taransifomar da ke ba da 18 a kan 230 za ta ba da ƙasa da 15 idan wuta ta sauka 190, kuma a nan regileta ba ta da abin da za ta rage, sai rawar wutar ta wuce kai tsaye cikin rediyo. Gunjin da ake ji ke nan. Wasu sukan ce a sa taransifoma mai bolt 22 a huta. Ba mu goyon baya: ranar da wuta ta zo cikakkiya, zafin da taransistoci za su sha zai kusa wat 300. Sitabilaiza mai VA 1,000 ko sama a gaban fawa ta fi sauƙi.

Na uku, birkin amfiya ya kama da wuri. Auna kan rezistar emita da ƙafa ta 2 da 3 ke kallo. In ya kai 0.6 alhali sauran na nuna 0.3, to rabon bai daidaita ba, wataƙila wasu taransistocin sun mutu ko dalmar da ta haɗa su ta saki.

Na huɗu shi ya fi rikitarwa. Idan fawa ta riƙe ƙwayayen mota huɗu ba ta motsa ba, amma ta faɗi da rediyo, to siginar rediyon ce ke komawa cikin LM723 tana ruɗa ta. Ka sa kafasitocin seramik na 0.1µF da 0.01µF a kan bakin fita daidai, da gajerun ƙafafu, ka naɗa wayar DC sau huɗu ko biyar a zoben ferait FT240-31, ka gajarta wayoyin da ke zuwa ƙafa ta 4, akwatin kuma ya zama na ƙarfe. Ka duba eriyarka ma, domin mai SWR da yawa, wato mai mayar da sigina baya, ko wadda ke kusa da ɗaki ita ke jawo wannan.

Taransista ɗaya ta ƙone a tawa, sai wuta ta haura 24 ta lalata mini rediyo. Me zan yi kada a sake? — Mai karatu daga Kaduna

Allah ya mayar da alheri, Malam. Taransista in za ta mutu, yawanci haɗewa take yi tsakanin kalekta da emita, sai duk wutar babbar kafasita ta zubo baki. Rediyoyin nan an yi su ne su jure kashi 15 cikin ɗari sama da 13.8, wato kusan 15.9. Shi ya sa a wajenmu fawa marar mai gadi ba ta gama haɗuwa ba.

Mai gadin SCR ce, wato dayod mai ƙafa uku da ba ta barin wuta ta wuce sai an tayar da ita ta ƙafar get, mai amfiya 50 in ka samu. Ka sa fiyus na amfiya 30 tsakanin babbar kafasita da kalektocin, SCR kuma a bayan fiyus, anod a fozitif, katod a negatif, da waya mai kauri. Daga bakin fita ka kawo dayod zina mai bolt 15, gefen zobenta a fozitif, ta rezista om 47 zuwa get ɗin SCR. Daga get zuwa negatif ka sa om 100 da 0.1µF, don siginar rediyo kada ta tayar da ita a banza. Wuta na wuce bolt ɗin zinar da ɗan ƙari, SCR za ta haɗe layin, fiyus ya tsinke, rediyo ta tsira. Zina ba ta cika zama daidai da rubutunta ba, don haka ka gwada: cire fiyus, sa ƙwan mota mai bolt 24 a gurbinsa, ba wa zinar wuta daga wata fawa mai murɗawa, ka riƙa ƙarawa a hankali. Inda ƙwan ya kama, nan ne mai gadinka ke tashi. Ya wuce 16, canza zina.

Amma ka tambayi kanka me ya ƙona taransistar. Jabun 2N3055 sun cika kasuwa. Ka sayi ɗaya ta ƙari, ka yanke murfinta da zarto. Ta gaske za ka ga ƙwayar silikon mai ɗan faɗi, manne da kyau a kan farantin ƙarfe. Ta jabu ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, da wayoyi sirara kamar gashi, wani lokaci an lulluɓe ta da farin gam. Waɗanda aka ciro daga tsofaffin amfilifaya ko injinan masana'anta sau da yawa sun fi sababbi masu sheƙi. Ka kuma sani birkin amfiya 26 ba ya ceton taransista idan wayoyin baki suka haɗu suka daɗe: bolt 22 sau 26 ya haura wat 550. 

Fawar kwamfuta fa? An rubuta amfiya 30 a jikinta, ga araha. — Mai karatu daga Jos

Tana aiki, da sharaɗi. Haɗa koriyar waya da baƙa, za ta tashi. Rawaya su ne bolt 12, kuma sai ka tattara da yawa wuri guda don su ɗauki nauyin. Tsofaffin suna bukatar ɗan nauyi a layin bolt 5 kafin 12 ɗin ya tsaya. Sai dai 12 ba 13.8 ba ne, kuma bayan asarar waya rediyo mai wat 100 za ta rage ƙarfi ko ta kashe kanta. Rubutun jikin masu araha kuma kada ka yarda da shi. Fawar saba, wato babbar kwamfutar kamfanoni, irin ta HP mai wat 750, ta fi su nesa ba kusa ba, tana ba da fiye da amfiya 60.

Babbar matsalarsu hayaniya ce. Suna yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa, sai ka ji ƙara na maimaituwa a tazara ɗaya in kana murɗa rediyo a zangon mita 80 da 40. Gwajin: kunna rediyo da batir, kunna fawar a gefe, ka ji ko ƙarar ta shigo. Ferait a wayar shiga da ta fita na ragewa. Ga rediyon VHF ba a cika jin ta ba. In za ka buɗe ta, ka tuna babbar kafasitarta na riƙe bolt 325 zuwa 400 ko bayan an zare ta daga soket.

A kasuwar Panteka an ce mini taransifomar maikurowef za ta yi in an sake naɗi. Gaskiya ne? — Wani mai karatu daga Kaduna

Za ta yi, amma ba ita muka fi so ba. Naɗinta na biyu, mai siririyar waya, yana ba da kusan bolt 2,000, kuma yana kisa nan take. Kada a kunna ta sai an yanke shi an fitar gaba ɗaya, ba tare da an ji wa naɗin farko ciwo ba. A cire ƙananan ƙarafan da ke cushe tsakanin naɗin biyu. Yawanci zagaye ɗaya na ba da kusan bolt 1; naɗa goma ka auna, sai ka san adadin da zai ba ka 18. Wahalar ita ce shigar da waya mai ɗaukar amfiya 30 a wannan ƙaramar taga.

Aibinta, an ƙera ta ne don aikin mintuna kaɗan da fanka a kanta, ƙarfenta a ƙure yake, don haka tana zafi da ƙugi ko ba a ɗora mata komai ba. Ƙara zagaye 20 zuwa 30 a jere da naɗin farko yana kwantar da ita. In kana da zaɓi, ka ba masu naɗin koyil ƙarfen tsohuwar sitabilaiza ko inbata mai girma su naɗa maka sabuwa. Ta ƙaramar UPS mai batir ɗaya wutarta ba ta kai ba.

Mu nan ba wutar gari, sola muke amfani da ita. Sai na haɗa fawa dole? — Mai karatu daga Maraɗi

A'a, kai ka huta. Sa inbata ta ɗaga wuta zuwa 220 don fawa ta sake sauke ta asara ce, ga hayaniya a kunne. Haɗa rediyo kai tsaye da batir, da fiyus na amfiya 30 dab da kan fozitif. Batirin ruwa mai Ah 100 zai yi, sai dai yana sauka wajen 12 idan an ja amfiya 20. Na litiyom LiFePO4 mai sel huɗu ya fi dacewa, don yana zama kusa da 13.2 kusan har ya ƙare. Ka dai tabbatar allon kariyarsa na barin amfiya 30 su wuce.

Ka kula da kwantirolar caji. Wasu kan ɗaga batirin ruwa zuwa 15.5 ko fiye lokacin daidaita sel, don haka ka kashe wannan tsari ko ka cire rediyo a lokacin. Kada ka taɓa cire batir ka bar rediyo a layi ɗaya da kwantirola, domin faranti mai suna bolt 12 yana kai 21 ko 22 in ba nauyi. Idan kana jin ƙara da rana, ta ɓace bayan magariba, kwantirolar ce: murɗe wayoyin faranti biyu su zama igiya ɗaya, ka sa ferait kusa da ita, ka nisanta su da wayar eriya.